Fuskar Da Kuka Zana A Kan Rigar Tanko

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Bangon Girmamawa
na sabon filin ƙwallon ƙafa, Garwa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da sauran 'yan kwamitinka, ina yi muku sannu da aiki. Gina fili irin wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mu da muka tashi muna buga ƙwallo a kan tsakuwa da ƙaya mun fi kowa sanin haka. Allah Ya saka wa duk wanda ya sa hannu da alheri.

Sunana Garba, direban babbar mota, mazaunin Jambutu. Ni ne mai riga lamba goma a tsohuwar ƙungiyarmu ta Dorinar Binuwai, tun shekarun da tutar Faransa ta sauka tamu ta hau, har ranar da ƙafa ta ce ta gaji. Ko ba ka san ni ba ka san fuskata, domin tana nan a bangonku. Mai zanen ma ya mayar mini da sumar da rabona da ita an daɗe. Na gode.

Na zo ofishinka ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Kullum sakatarenka sai ya ce Mushe, wato kai da bakin Faransanci, yana taro, in dawo gobe. Ni kuwa gobena a kan hanyar Ngaundare take, da lodin auduga a bayana. Shi ya sa na rubuta wannan a fili, kuma zan manna ta a ƙofar kasuwa, da tashar mota, da ƙofar filin kansa. Da Hausa na rubuta, domin da ita muke kiran ƙwallo ni da mutumin da zan yi magana a kansa. Ba za ka rasa mai juya maka ita Faransanci ko Fulatanci ba. Kuma in faɗa tun da wuri, kada wani mai neman suna ya ruga wurin jandarmomi: wannan ba maganar siyasa ba ce. Katin jam'iyyata yana aljihuna, hoton Shugaban Ƙasa yana manne a gaban motata. Maganar ƙwallo ce, da mutuncin mutum ɗaya, Tanko mahauci, mai riga lamba bakwai.

Ga yadda abin ya same ni. Ina dawowa daga tafiya na tsaya shan shayi a Ngong, sai wani abokin aikina ya ce, "Garba, ka zama babban mutum, an zana ka a bangon sabon fili." Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Ko gida ban biya ba, na ajiye mota a bakin fili da ƙurar hanya a jikina. Na tarar da mai zane a kan tsani. Na ga masu tsaron raga, na ga 'yan baya, na ga kaina a tsakiya, na miƙe ƙafar dama na sako doguwar ƙwallo zuwa gefe. Ina murmushi na bi ƙwallon da ido har inda za ta sauka, a ƙafar mai lamba bakwai. Na ɗaga kai in ga Tanko, sai na ga fuskar Alhaji Hamadu, tsohon akawu, wanda yau yake da kantin kayan gini.

Ranka ya daɗe, a tuƙi babu irin ƙazantar da ban gani ba. Na sha wuce mushen jaki ya kumbura a rana ban ko tofar da yawu ba. Amma a gaban bangon nan sai da na juya na tofar. Ga maganata dalla-dalla.

Na ɗaya. Ba ni da rigima da sauran 'yan gefen da kuka zaɓa.

Gurbi uku kuka ware wa 'yan gefe, wato masu gudu a bakin layi suna tarbar doguwar ƙwallo su kai ta gaban raga. Kun sa Buba Ngong, mai lamba sha ɗaya. Wannan ko maƙiyinsa ba zai ce uffan ba. Ƙafar hagunsa ta sa 'yan baya da yawa sun koma gida ba su ci tuwo ba. Kun sa Josef, ɗan kudun nan da aiki ya kawo babansa garinmu. Tun da aka fara zanen ake tafka gardama a teburin mai shayi a kan ko shi ya cancanta ko Sa'idu Banyo. Masu son Josef suna cewa babu wanda ya kai shi gudu. Gaskiya ne, sai dai in ƙwallo ta shiga ƙafarsa ka yi mata sallama, ko kana tsaye kai kaɗai a gaban raga kana ɗaga hannu kamar mai tsayar da mota. Sa'idu bai kai shi gudu ba, amma yana da ido, kuma ya san akwai mutane goma a filin ban da shi. Da ni aka tambaya, Sa'idu zan ce. Ba a tambaye ni ba, kuma ba zan yi fushi a kan wannan ba. Gardama ce mai daɗi, tsakanin mutum biyu da suka yi gumi a fili ɗaya, kowa ya ga abin da suka yi da idonsa. A yi ta yin ta har mu tsufa. Amma sunan Alhaji Hamadu, wanda kuka ba gurbi na uku, bai taɓa shiga wannan gardamar ba, domin ba a gardama a kan wasan mutumin da bai taɓa wasa ba.

Na biyu. Wane ne Tanko.

Tunda kwamitinku bai san shi ba, bari in gabatar muku da shi. Yana da rai. Teburinsa yana layin mahauta a babbar kasuwa, kuma na tabbata da yawa daga cikinku naman hannunsa ne a tukunyar gidajenku. Shi ne mai ɗingishi da ƙafar dama.

Da ƙafa ba takalmi ya fara buga mana, daga baya aka samo masa kambas. Gwanintarsa ɗaya ce, amma ban ga mai irinta ba har yau: tarbar doguwar ƙwallo yana cikin gudu. Wasu sai sun tsaya, sun jira ta, sun lallashe ta, kafin nan ɗan baya ya iso. Tanko ba ya jira. Yana bakin layi zai yi kira ɗaya, "Sako!", da muryar nan tasa ta korar shanu, ya ɗiba a guje tun ƙwallon tana ƙafata. Ni aikina in ɗaga ta sama in jefa gabansa, inda babu kowa. Kafin ta sauka ya riga ta isa. Wani lokaci da ƙirji, wani lokaci da bayan ƙafa, ta kwanta masa kamar ya ɗauke ta da hannu ya ajiye.

Akwai wata rana da muka karɓi baƙuncin wata ƙungiya daga Marwa, an kwana ana ruwa, ƙwallon fata ta jiƙe ta yi nauyi kamar kabewa. An matse ni, na ba ragarsu baya, ban ga komai ba sai rigunan mutane. Na ji "Sako!" daga can dama. Ban waiwaya ba, na dake ta ta saman kafaɗata da sunan Allah. Ihun mutanen da ke kan bishiyoyin dalbejiya ne ya gaya mini ta isa. Da na juyo, Tanko ya riga ya wuce ɗan bayansu, ya kai ƙarshen layi, ya miƙo wa Buba, Buba ya sa kai. Mutane suka kwana suna cewa Garba yana da ido a ƙeya. Ba ni da ido a ƙeya. Tanko nake da shi. Duk sunan da na yi a garin nan, har kuka ga na isa a zana ni, rabinsa ƙafar Tanko ce, domin doguwar ƙwallo in babu mai tarba, zubar da ita kawai aka yi.

Ɗingishin da yake yi ma a cikin rigar nan ya samo shi. Wani ɗan baya da ya gaji da bin ƙurarsa ya bar ƙwallo ya bi gwiwa. Mu muka ɗauke shi a kafaɗa muka kai shi wurin mai ɗori. Tun daga ranar bai ƙara gudu ba, kuma ban taɓa jin ya zagi wanda ya yi masa ba.

Na uku. Yadda Alhaji Hamadu ya shiga hoto.

An gaya mini ƙa'idar kwamitinku ita ce, duk wanda za a zana sai an gan shi a tsofaffin hotunan ƙungiya. To ga labarin hotunan nan, kowane tsohon ɗan Dorina ya san shi.

A lokacin mai hoto ɗaya ne muke da shi, mai akwati a kan ƙafafu uku, wanda yake lulluɓe kansa da baƙin ƙyalle. Ba ya ɗaukar hoto sai da hantsi, ya ce hasken yamma yana ɓata masa aiki, kuma ba ya ɗauka sai a matakalar wani ofishi da ke da farin bango. Wasa kuwa bayan la'asar ake yi. To duk wanda ya san fawa ya san mahauci ba shi da hantsi. Daga sallar asuba yana kwata: a yanka, a feɗe, a raba, a kai kasuwa, a tsaya a kan tebur har nama ya ƙare. Tanko a ƙarƙashin mahaifinsa yake a lokacin. Ya taɓa roƙon tsohon ya sake shi ya je a ɗauke shi, tsohon ya ce masa naman mutane ba zai yi wari a kan hoto ba, in wasan ne ya je da yamma. Saboda haka Tanko bai taɓa fashin wasa ba, kuma bai taɓa shiga hoto ba.

Mai hoto kuma ya kafe, ya ce shi ba zai ɗauki mutum goma ba, ƙungiyar ƙwallo sha ɗaya ce. Sai marigayi uban ƙungiyarmu ya leƙa cikin ofishin ya kira akawun da ke zaune kusa da taga, wato Hamadu, ya ce ya taimaka ya cike layi. Aka aika gidan Tanko aka karɓo riga, Hamadu ya cire taguwarsa ya saka, aka ɗauka, ya cire, ya koma kan teburinsa. Shekara ta zagayo aka sake, har abin ya zama al'ada. Bakwai na Hoto muke ce masa, shi ma yana amsawa yana dariya. Babu wanda ya ɗauke shi sata a lokacin, taimako ne.

Ranka ya daɗe, ka sa a kawo maka hotunan ka duba ƙafafun mai lamba bakwai. Takalmin ofis ne na fata, baƙi, yana sheƙi. Ka duba hannunsa na hagu, agogo ne. Wa ya taɓa shiga fili da agogo in ba alƙalin wasa ba? Mai zanenku, da yake mutumin kirki ne, ya cire masa agogon, ya saka masa takalmin ƙwallo, ya kuma ƙara masa kaurin ƙafa da Allah bai ba shi ba. Ban ga laifinsa ba. Hoto aka miƙa masa aka ce ya zana, kuma da na gaya masa gaskiya sai da ya sauko daga tsani ya zauna ya yi tagumi.

Na huɗu. Kuskure ne da farko, yanzu ba kuskure ba ne.

Da a ce duk 'yan kwamitinku baƙi ne da aiki ya kawo, da na ce rashin sani ne, in zo in yi bayani a gyara, a sha ruwa a watse. Amma a cikinku akwai waɗanda na sani tun suna hawa dalbejiyar tsohon fili suna ihun sunan Tanko har muryarsu ta dishe. Sun ga fuskar da aka zana, sun yi shiru. Mu kuma da muka buga wasan, muna nan da ranmu a garin nan, wani tela, wani mai gadi, wani direba, babu wanda aka aiko wa ko da saƙon baki.

Na tari ɗaya daga cikinku a bakin fili, ba zan kama suna ba, ya san kansa. Na yi masa bayanin nan duka. Ya ce mini, "Malam Garba, hoto ba ya ƙarya." Na ce ya dubi agogon. Sai ya ja ni gefe ya rage murya, ya ce in yi haƙuri, Alhaji ne ya ba da fenti da siminti, kuma bango ne da manyan baƙi daga Yawunde za su tsaya a gabansa ranar buɗewa, ina za a kai mahauci?

Tir da wannan magana. Na faɗa masa a fuskarsa, ina kuma maimaitawa a rubuce. Lokacin da Tanko yake cin ƙwallo garin nan yana kwana da kiɗa, babu wanda ya ce ƙafarsa tana ƙarnin nama. Lokacin da gwiwarsa ta karye, babu wanda ya ce gwiwar mahauci ce, a bar ta. Mutumin da ya faɗi maganar nan, ranar sunan ɗansa Tanko ne ya feɗe masa rago, ina wurin. Hannun ya isa ya taɓa abin da za ka sa a bakinka, amma fuskar ba ta isa ta hau bango ba. Ni dai ban san sunan wannan hali ba in ba ƙazanta ba.

Na biyar. Alhaji Hamadu da kansa.

Na so a ce shi ne zai fara zuwa wurinku ya ce, jama'a, kun yi kuskure, ni riga kawai na riƙe wa mai ita. Da ya yi haka, wallahi da ni zan fara cewa a rubuta sunansa a ƙofar fili. Na same shi bayan sallar Juma'a, na gaishe shi da girmamawa, domin ya girme ni kuma ya je Makka ban je ba. Ya kama hannuna da hannu biyu, ya amsa da gaisuwar Fulatanci, ya ce, "Jam na, Garba? Kwana da yawa." Na ce masa Alhaji, ka ga abin da aka yi a bango? Ya yi murmushi ya ce, "Ai abin ya wuce, duk ƙungiya ɗaya muke. Kowa da irin gudummawar da ya bayar." Ya shiga motarsa.

Da a nan ya tsaya, da sai in ce kunya ce ta hana shi. Amma labari ya iso mini daga bakin mutum fiye da ɗaya, cewa yanzu a zaurensa yana ba baƙi labarin wasan Marwa, wai shi ya tarbi ƙwallon. Har in sanyi ya sauko yakan shafa gwiwarsa ta dama ya ce tsohon ciwon fili ne ya motsa. Ranka ya daɗe, ka ji fa. Riga an ara masa, fuska ku kuka ba shi, amma ɗingishin wa ya ba shi? Mutum ya rasa abin da zai ɗauka a wurin talaka sai ciwonsa. Ban taɓa jin ƙyamar abu kamar wannan ba, kuma ina jin kunya a madadinsa tunda shi ya daina ji.

Na shida, kuma shi ne dalilin wasiƙar nan. Abin da bangonku ya yi wa Tanko.

Tanko ba shi da hoto, ba shi da kofi a ɗaki, rigar ma ta ƙungiya ce, an karɓe ta tun da daɗewa. Abin da ya rage masa daga ƙwallo biyu ne: gwiwar nan, da labari. Duk wanda ya saba sayen nama a wurinsa ya san shi da wannan. Yana sara yana ba da labari, ya ajiye wuƙa ya nuna yadda ƙwallo take saukowa, mata suna cewa Baba Tanko a sallame mu tukuna, kowa yana dariya. Ba ya ƙari, ba ya fariya, sau da yawa ma ni yake yabo. 'Ya'yansa da wannan labarin suka tashi.

Tun da aka zana bangon, samarin kasuwa da ba a haife su ba lokacin da yake gudu suka samu abin wasa. In sun wuce sai su ce, "Baba, mun je fili ba mu gan ka ba." Wani ya ce, "Lamba bakwai na baki." Har wani mai sayen nama ya ce masa, cikin raha wai, in labarin ƙwallo ƙarya ne, to yaya za a yarda naman na yau ne? A kasuwa maganar mutum ita ce mutuncinsa. Dattijon da bai taɓa cin amanar kowa ba, yau ana yi masa kallon maƙaryaci a gaban 'ya'yansa, kuma shaidar da ake kafawa da ita bangon hukuma ne.

Ya je ya gani da idonsa. Wata yamma bayan ya tashi daga kasuwa ya ja ƙafarsa har filin, ya tsaya a gaban bangon ya daɗe. Mai zane ya gaya mini abin da ya ce kawai shi ne, "An yi masa ƙafafu masu kyau." Ya juya ya tafi. Tun daga ranar bai ƙara ba da labarin ƙwallo ba. Yana sara, yana aunawa, yana miƙawa, shiru. Ranar Lahadi da ya saba zuwa kallon wasan matasa, yanzu yana gida.

Da na ce masa zan rubuta muku, ya ce, "Garba, bar su, bango ne." Na kusa bari. Amma mai ɗakinsa, Asabe, ta zo wurin matata ta ce a gaya mini kada in bari. Ta ce ita ce take wanke rigar nan tun tana amarya. In rigar ta dawo daga fili, laka ce da gumi, wani lokaci da jini, sai ta jiƙa ta ta kwana. In ta dawo daga hoto kuwa ƙamshin turare take yi, ninkewa kawai take yi ta ajiye. Ta ce in kwamiti yana neman wanda ya san mai rigar, a zo a tambaye ta. Ta kuma ce tun da ya dawo daga ganin bangon, abincin kirki bai ci ba, kuma ita ba za ta zuba ido mijinta ya shiga kabari ana ce masa maƙaryaci ba. Ni ma ba zan zuba ba.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga abin da nake roƙo, kuma ina roƙo ne tun fenti bai gama bushewa ba, tun ba a sa ranar buɗewa ba.

Ka sa a dakatar da aikin ɓangaren 'yan gefe. Ka tara mu, tsofaffin 'yan Dorina da suka rage, a fili ba a ofis ba, da Alhaji Hamadu a zaune, a tambaye mu ɗaya bayan ɗaya wa yake saka lamba bakwai bayan la'asar. A tambayi Buba, a tambayi Josef, a tambayi Sa'idu da ba ku sa shi ba, wanda ba shi da abin da zai samu. In mutum ɗaya ya ce Hamadu, na yarda a ɗaure ni.

A goge fuskar nan a zana ta mai rigar. Ba a buƙatar hoto. Mutumin yana da rai, kasuwa ba ta da nisa, mai zane ya ɗauki kujera ya je ya zauna a gabansa ya kalle shi. Ya rage masa furfura kamar yadda ya ƙara mini suma. Amma ya je da yamma, don har yau Tanko ba shi da hantsi.

In dole ne Alhaji Hamadu ya hau bango saboda fenti da siminti, ban hana ba, ya bayar kuma Allah Ya ba shi lada. A zana shi a bakin ƙofa da babbar rigarsa da agogonsa, a rubuta cewa shi ya taimaka aka yi ginin. Wannan gaskiya ce, ni zan fara tafa masa.

In kuwa kwamiti ya ga duk wannan ya yi masa nauyi, to ga roƙona na ƙarshe, kuma wannan haƙƙina ne, ba alfarma ba. A goge ni. A shafa farin fenti a kan mai lamba goma, a bar wurin haka. Kun zana ni ina miƙa ƙafa ina ba Alhaji Hamadu ƙwallo, kuma bangon nan zai fi ni daɗewa a duniya. Jikokina za su zo su tsaya a gabansa, su ga kakansu yana shaidar abin da bai faru ba, ba ni nan balle in ce ƙarya ne. Duk tsawon shekarun da na yi a fili, da ƙafata da raina, ban taɓa ba mutumin nan ƙwallo ba ko sau ɗaya. Ba zan fara ba shi a bangonku ba.

Allah Ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, Ya ba ka ikon yin adalci a ƙaramin abu da babba. Allah Ya sa a buɗe filin nan lafiya, 'ya'yanmu su yi gudu a cikinsa ba tare da karaya ba. Allah Ya raba ka da masu rage murya su ba ka shawara. Kuma ranar da za a tuna da aikin da ka yi wa garin nan, Allah Ya sa fuskarka za a tuna, ba ta wanda ya ari rigarka ba.

Wassalam.

Naka mai girmama ka,
Garba Direba,
tsohon lamba goma na Dorinar Binuwai,
Jambutu, Garwa.